Tambayoyi da Amsoshi kan Yadda Aka Rufe Labarin Star Wars: The Clone Wars

Ranar 4 ga Mayun 2020 aka saki kashin ƙarshe na zango na bakwai na shirin Star Wars: The Clone Wars a manhajar Disney+, kuma da shi aka rufe shirin baki ɗaya. Sunan kashin Victory and Death, wato nasara da mutuwa. Tsawonsa bai kai rabin sa'a ba, amma har yau masu sha'awar ƙagaggun labaran kimiyya suna komawa gare shi duk lokacin da ake maganar yadda ake kai dogon labari gaɓa. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi jigoginsa da dabarun da aka bi wajen isar da su. Wanda bai kalla ba ya sani cewa amsoshin sun tona labarin tun daga farko har ƙarshe.

Wane irin shiri ne wannan, kuma me ya sa sai da aka shekara 12 kafin a ga ƙarshensa?

Shiri ne mai dogon zango na zane mai motsi da aka yi da kwamfuta, George Lucas ne ya ƙirƙiro shi, Dave Filoni kuma ya jagoranci aikinsa. An fara da fim a sinima a watan Agustan 2008, sannan shirin ya soma fita a tashar Cartoon Network ranar 3 ga Oktoban wannan shekara. Labarinsa ya faɗo tsakanin finafinai biyu, Attack of the Clones na 2002 da Revenge of the Sith na 2005, yana ba da tarihin yaƙin shekara uku da Jamhuriya ta gwabza da 'yan aware. Sojojin Jamhuriya ba haifarsu aka yi ba. An kwafe su ne a duniyar Kamino daga halittar mutum guda, Jango Fett, aka kuma hanzarta girmansu, sannan aka ɗora Jedi, ƙungiyar mayaƙa masu takubban haske da ke kare Jamhuriya, a kansu a matsayin janar-janar.

Kamfanin Disney ya sayi Lucasfilm a 2012, aka dakatar da shirin a 2013 bayan zango na biyar. Abin da aka riga aka kammala ya fita a Netflix a 2014 a matsayin zango na shida, labarin kuma ya tsaya a rataye. Sai a watan Yulin 2018 aka sanar da cewa za a dawo da shi, kuma zango na bakwai mai kashi 12 ya fara fita ranar 21 ga Fabrairun 2020. Wannan jinkiri ya shiga cikin yadda aka karɓi ƙarshen, domin yaron da ya fara kallo yana da shekara goma ya riga ya zama saurayi mai shekara 22 lokacin da ya ga an binne sojojin da ya tashi da su.

Me ya faru a kashin ƙarshe?

Kashin shi ne na huɗu cikin jerin da ya ba da labarin ƙawanyar da aka yi wa duniyar Mandalore. Ahsoka Tano, tsohuwar almajirar jarumin Jedi Anakin Skywalker, ta kama Maul, mugun da ya ƙwace mulkin Mandalore, tana kan hanyar kai shi Coruscant, hedikwatar Jamhuriya, a wani katafaren jirgin yaƙi sai aka ba da Umarni na 66, wanda ya ce sojoji su kashe duk wani Jedi. A kashi na uku ta yi nasarar cire wa Kwamanda Rex, kwafaffen sojan da ke jagorantar dakarunta, ƙwayar da aka dasa masa a ƙwaƙwalwa, wadda ke tilasta wa sojojin bin umarnin, ta kuma saki Maul domin ya ɗauke hankalin masu farautarta.

A kashin ƙarshe Maul ya ragargaza injin jirgin, jirgin ya fara rikitowa zuwa kan wani wata. Ahsoka da Rex suka nufi rumfar ƙananan jirage, suka tarar da Jesse, wani hafsa cikin kwafaffun sojojin, ya jera dakaru yana jiransu. Maul ya sace ƙaramin jirgin da suke fatan tsira da shi, ya tsere. Su biyun sun kuɓuta da ƙyar a wani jirgin yaƙi ƙarami, babban jirgin kuma ya faɗi da duk wanda ke cikinsa. Suka binne gawarwakin, suka kafa hulunan kwanon mamatan a kan sanduna, Ahsoka ta yar da ɗaya daga cikin takubbanta na haske a wurin. Bayan wani lokaci Darth Vader ya zo wurin, dusar ƙanƙara ta rufe komai, ya tsinci takobin.

Tunda masu kallo sun san yadda yaƙin zai ƙare tun 2005, daga ina fargabar take fitowa?

Wannan ita ce babbar matsalar da ta fuskanci marubucin, kuma yadda ya juya ta ya zama ginshiƙin jerin duka. Mai kallo ya san Anakin zai zama Vader, ya san za a ba da Umarni na 66, ya kuma san Ahsoka da Rex da Maul duk za su rayu, tunda sun fito a shirin Star Wars Rebels da aka yi tsakanin 2014 da 2018, wanda labarinsa ya faru shekaru da yawa bayan wannan. Ke nan tambayar wa zai tsira ta faɗi tun kafin a fara. Abin da Filoni ya yi shi ne ya ɗora labarin kafaɗa da kafaɗa da Revenge of the Sith, ta yadda kowane abu da ya faru a nan yana nuna wa mai kallo inda aka kai a can.

A kashin farko na jerin an kira Anakin da malaminsa Obi-Wan Kenobi cikin gaggawa su je ceto shugaban Jamhuriya, Palpatine, da aka sace, wanda shi ne farkon fim ɗin. Ahsoka ta yi wa malaminta fatan alheri a taƙaice, kowa ya kama gabansa, mu kuma mun san ba za su sake haɗuwa a matsayin malami da almajira ba. A kashi na biyu Obi-Wan ya ba da labarin mutuwar Count Dooku, jagoran 'yan aware. A na uku Ahsoka ta shigo taron majalisar Jedi daidai inda fim ɗin ya yanke shi, lokacin da Mace Windu, ɗaya daga cikin manyan Jedi, yake cewa yana jin ana ƙulla wata maƙarƙashiya. Tana da labarin da Maul ya ba ta, cewa an daɗe ana renon Anakin domin ya zama almajirin Darth Sidious, babban mugun labarin wanda shi ne Palpatine a ɓoye, amma ta yi shiru saboda ba ta yarda da shi ba, kuma tana so ta yi magana da Anakin da kanta. Mai kallo a nan yana cikin halin wanda ya riga ya ji labarin rasuwa, ya iso gidan ya tarar ana hira ana dariya ba a kai ga sanar da su ba.

Shi ya sa aka ja farkon kashi na uku da gangan. Ana ɗaukar Maul a ɗaure, jirgi yana tashi, sojoji suna ta kai da komo, kiɗa yana tafiya a hankali, ba abin da ke faruwa, amma ba wanda zai iya zama lafiya a kujerarsa. Ahsoka da Rex suka tsaya a ɗakin tuƙi suna hira kan yaƙin, Rex ya ce ra'ayin sojoji ya rabu a kansa, domin da ba don yaƙin ba da ba a yi su ba. Suka sara wa juna. Bai fi 'yan mintuna ba ya juyo mata da bindigogi biyu, hannunsa yana rawa.

Mene ne babban jigon wannan ƙarshe?

Jigon shi ne cewa waɗannan sojoji mutane ne, kuma abin da aka yi musu zalunci ne da bai gaza wanda aka yi wa Jedi ba. A fim ɗin 2005 an nuna Umarni na 66 daga ɓangaren Jedi kaɗai. Kwamanda Cody ya miƙa wa Obi-Wan takobinsa da ya faɗi, jim kaɗan ya karɓi saƙo ya sa a harbo shi, babu ko ɗar. Shirin ya shafe zango bakwai yana rusa wannan hoto. Tun kashinsa na farko a 2008 Yoda, babban malamin Jedi, ya sa sojoji uku su cire hulunansu, ya gaya musu cewa ko da fuskarsu ɗaya ce, kowanne daban yake. An ba su lambobi, su kuma suka raɗa wa kansu sunaye: CT-7567 ya zama Rex, mai lamba 5555 ya zama Fives. Sun yi aski iri-iri, sun yi zane a fuska, sun fente sulkensu. A zango na biyu an ga wani da ya gudu daga soja ya yi aure ya zama manomi. A zango na huɗu, a duniyar Umbara, Janar Pong Krell ya yaudare su suka buɗe wa juna wuta, kuma abin da ya tsayar da kisan shi ne Rex ya cire hularsa ya ruga tsakiyar fage domin su ga fuskar ɗan'uwansu.

Duk wannan aka tattaro aka zuba a hular kwano. Da sojojin Anakin suka ji Ahsoka ta dawo, sai suka fente hulunansu da ruwan lemo, suka zana irin farin zanen da ke fuskarta, don girmama ta duk da cewa ta bar aikin soja. Kwana kaɗan bayan haka, masu sanye da fuskarta ne suke harbinta. A ƙarshe kuma waɗannan hulunan ne a kan sanduna bisa kaburbura. Abu guda ya yi aiki sau uku, da farko alamar ƙauna, sannan abin firgici, sannan alamar kabari, kuma ba a sa wani a cikin labarin ya buɗe baki ya yi bayaninsa ba.

Inda jigon ya fi fitowa fili shi ne a ɗakin da ke kallon rumfar jirage. Rex yana magana da ɗaci, yana cewa 'yan'uwansa a shirye suke su mutu su tafi da su biyun, ba su damu da cewa jirgin yana faɗuwa ba. Ahsoka ba ta amsa nan take ba. Ta ɗaga hannu ta cire masa hular, sai ga hawaye yana gangarowa a kumatunsa, ya kawar da kai. Mai kallo ya ji muryar soja mai ba da rahoto, da aka cire ƙarfen kuma ya ga mutumin da ake shirin kashe masa dangi kaf.

Me ya sa Ahsoka ta ƙi kashe sojojin alhali su kasheta suke son yi?

Domin ta san ba da son ransu suke yi ba, kuma ta yi shekaru tana yaƙi tare da su tun tana 'yar shekara 14. Ta umarci Rex ya mayar da bindigoginsa kan harbin sumarwa, ita kuma ta riƙa kare kanta da takubbanta. Ta gaya masa cewa mai yiwuwa a shirye suke su mutu, amma ba ita za ta kashe su ba. Wannan mataki ya mayar da faɗan wani abu daban, domin gwanar da za ta iya share rumfar cikin ɗan lokaci ta ɗaure hannunta da kanta, shi ya sa kowane taku ya zama da wuya. Har ma suka gwada dabarar baki: Rex ya fito da ita kamar fursuna, ya ce umarnin ya shafi Jedi ne, ita kuwa ta bar ƙungiyar tun tuni. Hujjar gaskiya ce, tunda a ƙarshen zango na biyar an ɗora mata laifin tayar da bam a haikalin Jedi, aka kore ta, da gaskiya ta bayyana kuma aka roƙe ta ta dawo ta ƙi. Jesse ya ɗan yi jim, sannan ya ce umarnin ya ambace ta, ya kuma zargi Rex da cin amanar ƙasa.

Sai dai mai kallo na gaskiya ba zai tsaya a nan ba. Ahsoka ce ta saki Maul, Maul ne ya karkashe sojoji a lungunan jirgin, shi ne kuma ya lalata injin da ya jawo faɗuwar da ta hallaka sauran. Hannunta bai zubar da jini ba, amma shawararta ta zubar. A ganina shirin bai ɓoye wannan ba, kuma nan ne ya fi ƙarfi. An nuna mamakin Rex da ya ji cewa ita ta buɗe wa Maul, an kuma tsayar da ita ita kaɗai a gaban kaburburan na dogon lokaci. Ta shiga halin gaba kura baya sayaki, ta zaɓi abin da take ganin ya fi sauƙi, kuma sakamakon ya fi abin da ta zata muni. Labarin bai wanke ta ba, bai kuma la'ance ta ba.

Akwai zaɓi na biyu da ya bayyana halinta. Lokacin da Maul ya tashi da ƙaramin jirgin, ta riƙe shi a sama da ɓoyayyen ƙarfin da Jedi ke amfani da shi, Rex yana tsaye yana kare ta, harbi yana samunsa. Ta dube shi, ta saki jirgin. Ta bar mutumin da aka yi duk ƙawanyar Mandalore domin kama shi, don ta tsirar da aboki ɗaya.

Shin dabarar ƙwayar da aka dasa a ƙwaƙwalwa ba ta rage wa labarin nauyi ba?

Masu wannan ƙorafi suna da hujja. Ba a ambaci ƙwayar a fim ɗin 2005 ba. A zango na shida aka shigo da ita, lokacin da ta lalace a kan wani soja mai suna Tup ya harbe wata Jedi tun lokaci bai yi ba, Fives ya bi diddigi ya gano sirrin, aka harbe shi ya cika a hannun Rex ba wanda ya yarda da maganarsa. Masu sukar suna cewa da an bar sojojin su bi umarni da hankalinsu, da labarin ya taɓo tambaya mai zurfi kan yadda horo da biyayya ke sa mutumin kirki aikata ta'asa, tambayar da tarihin ɗan Adam ya cika da ita. Ƙwayar ta ɗauke musu alhaki gaba ɗaya.

Na yarda an yi asarar wannan tambaya. Amma bayan an shekara ana nuna Rex da 'yan'uwansa suna ƙin bin umarnin zalunci, kamar yadda suka yi a Umbara, zai yi wuya a gamsar da kowa cewa za su juya wa abokansu baya saboda saƙo ɗaya. Ƙwayar ta mayar da alhakin kan waɗanda suka ƙera mutane don yaƙi, da kuma Jamhuriya da Jedi da suka karɓi irin wannan runduna suka yi amfani da ita shekara uku ba tare da sun tsananta bincike kan asalinta ba. Wannan tsohon jigo ne a ƙagaggun labaran kimiyya, wato halittar da aka yi don aiki sannan ta zama mai rai da ra'ayi. Kuma ƙwayar ce ta sa mutuwar Fives ta yi amfani daga baya, domin a daidai lokacin da Rex yake kokawa da kansa, sunan Fives ya iya furtawa, shi ne ya kai Ahsoka ga rahoton da ya tona komai.

Wace rawa Maul ya taka, tunda ba shi ne babban mugun ba?

Shi ne mai faɗin gaskiyar da ba a yarda da shi ba. A duk jerin, shi kaɗai ya san abin da ke tafe, domin shi ma tsohon almajirin Sidious ne da aka yi amfani da shi aka yar. Ya yi wa Ahsoka tayin haɗa kai, yana nuna mata cewa su biyun duk an yi watsi da su, ta kusa amincewa, sai da ya ambaci Anakin ta zare takobi. Amanar da ta riƙe wa malaminta, wadda ita ce mafi kyawun halinta, ita ta hana ta jin gargaɗin. A kashin ƙarshe an ajiye shi gefe da ita domin a gwada su: su biyun suna neman fita daga jirgi ɗaya, shi yana kashe duk wanda ya tare masa hanya ba tare da makami ba, ita tana da makami biyu tana ƙin kisa.

Me ya sa mintunan ƙarshe ba su da magana ko kalma ɗaya?

Shirin ya saba da surutu. Kowane kashi yakan buɗe da wata gajeriyar hikima a rubuce, sannan mai sharhi ya zayyano halin da ake ciki da murya irin ta labaran yaƙi na dā. A wannan jeri an cire hikimar, an buɗe da tsohon tambarin Lucasfilm da jan rubutu, kuma bayan kashin farko mai sharhin ma ya ɓace. Ana rage magana a hankali har ta ƙare ƙaf daga faɗuwar jirgin zuwa rufewa.

Dalilin a bayyane yake idan aka tambayi abin da za a ce. Duk jawabin da Ahsoka za ta yi a bakin kabari zai zama fassarar abin da mai kallo ya riga ya ji a ransa, kuma fassarar za ta rage shi. Sai aka bar hoto ya yi aikin: toka tana sauka, Rex yana loda abin da ya rage a jirginsu, ciki har da ragowar R7, ɗaya daga cikin ƙananan mutum-mutumi uku da suka taimake su aka harbe su. Ahsoka cikin alkyabba ruwan toka, hular Jesse mai tambarin Jamhuriya a gaban sauran. Kevin Kiner, wanda ya yi wa shirin kiɗa tun 2008, ya ajiye ƙahonni da gangunan da aka san Star Wars da su, ya sa wani sauti na na'ura mai ja a hankali. Kunnen da ya saba da taken nasara a ƙarshen kowane kashi yana jin rashinsa nan da nan.

Mene ne ma'anar yar da takobin, da zuwan Vader, da tsuntsun da ya gani?

Takubban nata ne da ta bari lokacin da ta fice daga ƙungiyar Jedi. Anakin ya adana su, ya gyara su, haskensu ya koma shuɗi irin nasa daga kore, ya mayar mata a haɗuwarsu ta ƙarshe. Yar da takobin yana da amfani a zahiri, domin duk wanda ya zo bincike zai ɗauka ta mutu a hatsarin. Yana kuma nuna cewa ta ajiye yaƙin da ƙungiyar da duk abin da ya haɗa ta da su.

Daga nan aka tsallaka zuwa wani lokaci da ba a faɗa ba. Farin sulken sojojin Daula, wadda ta gaji Jamhuriya, ya maye gurbin fentin launuka, na'urorin leƙen asiri suna shawagi, wurin ya daskare. Vader ya durƙusa, ya kakkaɓe ƙanƙarar da ke jikin takobin, ya kunna shi. Wannan ne kaɗai lokacin da ya fito da baƙin sulkensa a cikin ainihin labarin shirin, kuma shuɗin haske a hannunsa yana tuna wa mai kallo wanda ke cikin sulken. Shiri ne da Anakin ya kasance jaruminsa shekara da shekaru, mai barkwanci da ƙaunar mutanensa, an kuma zaɓi kada a nuna faɗuwarsa ko kaɗan, sai dai Ahsoka ta jiyo muryoyi daga nesa a kashi na uku. An bar fim ɗin ya riƙe wannan, shirin ya nuna abin da faɗuwar ta jawo wa waɗanda ya bari.

Tsuntsun da ya gani yana kewaya sama kuwa, masu bin Rebels sun san shi da suna Morai, mai bin Ahsoka duk inda take, kuma yana da alaƙa da wata halitta ta duniyar Mortis da ta ba da ragowar ranta aka farfaɗo da Ahsoka a zango na uku. Ko Vader ya fahimci cewa tana raye, an bar wa mai kallo. Hoton ƙarshe bai tsaya a kansa ba. Kyamara ta sauka kan wata fasasshiyar hula mai zanen Ahsoka, ana ganin inuwarsa a gilashinta yana tafiya. Shirin da aka sa wa sunan yaƙin kwafaffun sojoji ya rufe da ɗaya daga cikinsu.

Akwai abin da zane ya ba wannan labari wanda fim na 'yan wasa ba zai ba shi ba?

Akwai, kuma mafi girma shi ne fuskar sojojin. Dubban mutane masu kama ɗaya abu ne mai sauƙi a zane, kuma mutum ɗaya, Dee Bradley Baker, shi ya ɗora wa dukansu murya. Gardamar Rex da Jesse a rumfar jirage murya ɗaya ce take jayayya da kanta, amma ba wanda zai rikita su. Ashley Eckstein ta riƙe muryar Ahsoka tun 2008, an kuma girmar da zanenta daga yarinya zuwa budurwa daidai da tafiyar labarin. Zanen kansa ya inganta ƙwarai tsakanin zangon farko, inda fuskoki suke kamar sassaƙen itace, da na bakwai, inda rawar leɓe da ƙiftawar ido suke iya ɗaukar abin da dā sai an faɗa da baki. Ba don wannan ci gaba ba, da shirun ƙarshen bai yiwu ba. A karawar Ahsoka da Maul a kashi na biyu kuma an naɗi motsin mutane na gaske aka ɗora zane a kai, Ray Park, wanda ya fito a Maul a fim ɗin 1999, shi ya sake yin motsinsa.

Ya dace da yara?

An fara shirin ne domin yara, amma wannan jeri ya fi dacewa da matasa da manya. Babu batsa, jini kuma kaɗan ne, sai dai akwai kisa da yawa, musamman inda Maul yake bi ta kan sojoji, kuma ƙarshen baƙin ciki ne ba tare da lallashi ba. Iyaye su fara kallo kafin su yanke shawara kan ƙananan yara.

Dole ne sai an kalli duka shirin kafin a fahimci ƙarshen?

Shirin yana da kashi 133, kuma ba duka ne suka shafi wannan ƙarshe ba, tunda an gina shi ne a kan gajerun labarai masu kashi biyu zuwa huɗu. Wanda ya kalli Revenge of the Sith zai iya bin jerin Mandalore ya gane abin da ke faruwa, amma ba zai ji nauyinsa yadda ya kamata ba, domin nauyin yana cikin sanin mutanen. Mafi ƙarancin abin da zan ba da shawara shi ne fim ɗin 2008 inda Ahsoka ta fara haɗuwa da Anakin da Rex, sai labarin Umbara a zango na huɗu, sai labarin yadda Maul ya ƙwace Mandalore da na shari'ar Ahsoka a zango na biyar, sannan kashi huɗu na farkon zango na shida kan Fives. Jerin ƙarshen kuma a kalle shi a zama ɗaya, domin an tsara kashi huɗun ne su haɗu kamar fim guda. Mai son sanin abin da ya sami ragowar sojojin bayan Daula ta gama amfani da su sai ya ci gaba da shirin The Bad Batch, wanda ya fara fita ranar 4 ga Mayun 2021, kuma labarinsa ya tashi ne daga ranar da aka ba da Umarni na 66.